Tarihin Alfred Wegener, Bajamushen da Ya Kwanta Cikin Ƙanƙarar Girinlan

Ran nan malaminmu na labarin ƙasa ya shigo aji riƙe da wata tsohuwar taswirar duniya da almakashi. Muna kallo ya yanke Afirka, ya yanke Amurka ta Kudu, sa'an nan ya kira ni gaban aji ya ce in matso da su kusa da juna a bisa tebur. Ko da na matso da su, sai ga ƙullutun gabashin Barazil ya shige cikin lungun tekunmu, inda Legas da Fatakwal da Duwala suke, ya zauna daram kamar faifai a bakin ƙwarya. Aji ya ɗauki sowa. Malam ya shaida mana cewa mutumin da ya tsaya kai da fata a kan cewa waɗannan ƙasashe dā a haɗe suke, aikinsa na ainihi duban yanayi ne da auna ƙanƙara, kuma cikin ƙanƙarar ya mutu, masana suna yi masa dariya. Wannan magana ita ta tsaya mini a rai, har ta kai ni laburare na bi diddigin labarinsa, shi ne nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai.

An haifi Alfred Wegener a birnin Balin na ƙasar Jamus ran 1 ga Nuwamba, 1880. Shi ne autan gidansu. Ubansa malamin addinin Kirista ne, mai koyar da tsoffin harsuna, kuma yana kula da wani gidan marayu. Alfred ya karanta ilmin taurari har ya sami digirin dakta a 1905, amma bai zauna a wannan fanni ba. Hankalinsa ya fi karkata ga iska da gajimare da sanyi. Ya kama aiki tare da wansa Kurt a wata tashar binciken sararin sama da ke Lindenberg, inda suke aika ma'aunai sama cikin balan-balan. A watan Afrilun 1906 su biyun suka shiga kwandon wani ƙaton balan-balan, suka yi awa 52 a sama ba su sauko ba. Kafin su ba wanda ya taɓa daɗewa haka.

Cikin wannan shekara ce ya fara taka Girinlan, kuma ya kamata in tsaya in bayyana wa mai karatu irin wannan ƙasa, don mu nan ƙanƙarar da muka sani ba ta wuce ta firji ba, sai ko wadda kan zubo da ruwan farkon damina. Girinlan tsibiri ne can arewa ƙwarai, ya ninka Nijeriya sau biyu da 'yan kai, kuma wajen kashi 80 cikin ɗari nasa a rufe yake da ƙanƙara. Dusar ƙanƙara ce ke zuba shekara da shekaru ba ta narkewa, ta sama ta danne ta ƙasa har ta dunƙule ta yi tauri kamar dutse. Saboda nauyinta sai ta riƙa malala a hankali zuwa bakin teku kamar kunu mai kauri, shi ne ake kira kogin ƙanƙara. In ya isa teku sai ya riƙa ɓallewa, gutsure ɗaya ya fi ginin makarantarmu duka girma. Wannan daban take da ƙanƙarar teku, wadda ruwan tekun ne da kansa yake daskarewa a sama da sanyi, ya hana jirage wucewa sai zafi ya zo.

Wegener ya bi ayarin 'yan ƙasar Denmak ne, ƙarƙashin Ludvig Mylius-Erichsen, waɗanda suka je zana taswirar arewa maso gabashin tsibirin daga 1906 zuwa 1908. Shi aikinsa auna iska da sanyi, ya kuma kafa tashar duban yanayi a wurin. A nan ya koyi korar karnukan da ke jan amalanke marar ƙafa bisa ƙanƙara, a nan kuma ya fara ganin abin da ƙasar kan yi wa mutum, domin shugaban ayarin da abokan tafiyarsa biyu sun fita zagaye a 1907 ba su komo ba. Yunwa da sanyi suka kashe su.

Da ya dawo gida ya zama malami a jami'ar Marburg. A 1910 yana duba taswira ya lura da abin nan da malaminmu ya nuna mana. Ba shi ne farkon lura da shi ba, masu zana taswira sun gan shi tun ƙarni na 16, kuma shi kansa da farko bai ɗauke shi da nauyi ba. Sai a 1911 ya ci karo da wani rubutu game da burbushin halittun dā da ake tonowa cikin duwatsu, iri ɗaya a Barazil da Afirka. Daga nan ya shiga tara hujjoji. Akwai wata dabba mai kamar ƙaramin kada, Mesosaurus, wadda ƙasusuwanta ke Amurka ta Kudu da kudancin Afirka kaɗai, ga shi kuwa ba yadda za a yi ta ƙetare Tekun Atlantika da iyo. Akwai wani tsiro da aka sami shatar ganyensa a Indiya da Afirka da Ostareliya da Amurka ta Kudu. Amma hujjar da ta fi kama ni ita ce ta ƙanƙara. Kogin ƙanƙara in ya bi ta kan dutse yakan bar masa zane, kamar yadda garma ke barin sawu a gona. To, an sami irin wannan zane mai shekara wajen miliyan 300 a Afirka ta Kudu da Indiya, ƙasashen rana, a can Spitsbergen kuwa, tsibirin da ke kusa da ƙarshen arewacin duniya inda ko itace ɗaya ba ya tsayawa, sai ga kwal a ƙasa, wanda asalinsa kurmi ne. Wegener ya ce ƙasashen ne suka yi ƙaura. Ran 6 ga Janairu, 1912, ya tsaya gaban masana duwatsu a Frankfurt ya faɗi ra'ayinsa: dā nahiyoyi duka dunƙule suke wuri guda, suka tsage, kuma har yau tafiya suke yi.

Bai tsaya jin amsarsu ba, don cikin wannan shekara ya sake kama hanyar arewa tare da wani hafsan sojan Denmak, Johan Peter Koch. Suka fara yada zango a tsibirin Aisilan, suka sayi gajerun dawakin ƙasar masu jure sanyi, suka gwada su bisa Vatnajökull, wato babban filin ƙanƙarar tsibirin. Wannan wuri abin al'ajabi ne, domin a ƙarƙashin ƙanƙarar akwai duwatsu masu aman wuta. In ɗaya ya tashi sai ya narkar da ƙanƙara daga ƙasa, ruwa ya taru a ɓoye, rana ɗaya ya fashe ya kwararo. Haka ya faru a 1996, ambaliyar ta ɗauke gadoji a kan babbar hanyar kudancin ƙasar. Wuta a ƙasa, ƙanƙara a bisa, ga mutum yana tafe a kai da doki.

Su huɗu ne suka sauka gabashin Girinlan da dawaki 16. Suka gina bukka a kan kogin ƙanƙara suka yi lokacin sanyi duka a ciki, cikin duhun da rana kan yi watanni ba ta leƙo ba. Koch ya faɗa cikin wata tsaga ya karya ƙafa. Duk da haka suka haƙa ƙanƙarar har zurfin mita 25 suna auna sanyinta. A 1913 suka ratsa tsibirin daga gabas zuwa yamma ta wurin da yake da faɗi, tafiyar da ta wuce kilomita 1,000. Dawakin suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya kai. Da suka sauko gaɓar yamma abinci ya ƙare ƙaf, har sun yanka karensu, sai ga wani limamin coci na garin Upernavik yana wucewa cikin kwalekwale, ya kwashe su.

A wannan shekara ya auri Else, 'yar Wladimir Köppen, babban masanin yanayin ƙasashe, suka haifi 'ya'ya mata uku. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914 aka kira shi soja, aka ji masa rauni sau biyu, kuma yana jinya ne ya kammala littafinsa a kan asalin nahiyoyi da tekuna, wanda ya fito a 1915. Ya yi ta gyara shi yana ƙara hujjoji, har bugu na huɗu a 1929.

Da aka fassara littafin zuwa wasu harsuna sai masana duwatsu suka yi masa ca, musamman na Ingila da Amurka. A wani taro da aka yi a New York a 1926 galibin masu magana suka yi watsi da shi. Wasu don ƙyashi ne, suna ganin mai duban gajimare ya shiga gonar da ba tasa ba. Amma in za a faɗi gaskiya, ba dukan sukarsu ce ta banza ba. Sun tambaye shi wane ƙarfi ne zai iya tura nahiya guda, ya kawo juyawar duniya da jan wata da rana, masana lissafi irin su Harold Jeffreys suka auna suka ga wannan ƙarfi bai kai ko kusa ba. Ya kuma dogara da wasu tsoffin awo marasa kyau, ya ce Girinlan tana nisantar Turai da mitoci da yawa kowace shekara, alhali gaskiyar abin bai wuce santimita biyu ba, wato kamar tsirar farce. Ni dai abin da na fahimta shi ne, ya gane abin da ya faru daidai, amma ya kasa gane yadda ya faru, su kuwa abokan gardamarsa suka ɗauki kuskurensa ƙarami suka rufe gaskiyarsa babba da shi. 'Yan kaɗan ne suka goya masa baya, irin su Alexander du Toit na Afirka ta Kudu, wanda ya je Amurka ta Kudu da ƙafarsa ya gwada duwatsun can da na ƙasarsu.

A 1924 jami'ar Graz ta ƙasar Ostiriya ta ba shi kujerar farfesa. Cikin wannan shekara shi da surukinsa Köppen suka fitar da littafi a kan yanayin duniya a zamanan dā, suna bin sawun kwal da gishiri da yashin hamada da zanen ƙanƙara don su gane inda zafi yake da inda sanyi yake a kowane zamani. A ciki suka sa lissafin wani injiniya ɗan Sabiya, Milutin Milanković, wanda ya nuna cewa 'yan canje-canje a karkatar duniya da hanyarta ta kewaya rana su ne ke sa ƙanƙarar arewa ta yaɗu ko ta ja da baya cikin dubban shekaru. Shi ma wannan sai a 1976 aka tabbatar da shi daga lakar ƙasan teku.

Yanzu na zo kan tafiyarsa ta ƙarshe, wadda na karanta sau uku. A 1930 ya jagoranci babban ayarin Jamusawa, da niyyar kafa tasha uku a Girinlan: ɗaya a yamma, ɗaya a gabas, ɗaya a tsakiyar ƙanƙara, a auna yanayi shekara guda cur, abin da ba a taɓa yi ba. Ta tsakiyar, wadda suka kira Eismitte, tana da nisan kilomita 400 daga tashar yamma, a tudu mai tsawon mita 3,000. Tun farko ƙanƙarar teku ta ɓata musu shiri. Jirginsu ya iso ya tarar mashigin da za su sauke kaya a daskare, suka yi kwana 38 suna jira ya buɗe. A ƙasar da zafinta bai fi wata uku ba, wannan asara ce da ba ta maiduwa. Ga kaya kimanin tan 100 da sai an hau da su bisa kogin ƙanƙara mai tsayi. Sun kuma zo da wasu amalanke masu injin jirgin sama da farfela, da fatan za su yi sauri, amma dusar ƙanƙara mai laushi ta kayar da su. Saboda haka kaya da yawa ba su isa Eismitte ba, har da gidan da za a kafa da na'urar rediyo.

Mutum biyu ne a tashar, Johannes Georgi da Ernst Sorge. Suka aiko da takarda cewa kananzirinsu ba zai kai su ƙarshen sanyi ba, in ba a kawo ƙari ba za su taso da ƙafa ran 20 ga Oktoba. Wegener ya san wanda duk ya taso da ƙafa a wannan lokaci ya mutu. Yana da shekara 49, shi ne shugaba, yana iya aiken wani. Ran 21 ga Satumba ya tashi da kansa, tare da wani masani Fritz Loewe da mutanen Girinlan 13, da amalanken karnuka 15. Sanyi ya tsananta, dusa ta yi zurfi har karnuka suna nutsewa. Mutanen ƙasar, waɗanda suka fi kowa sanin abin da ke gaba, suka riƙa juyawa, ni kuwa ban ga laifinsu ba. Aka riƙa zubar da kaya a hanya don a rage nauyi. A ƙarshe saura mutum uku: Wegener, da Loewe, da wani saurayi ɗan ƙasar mai shekara ashirin da 'yan kai, Rasmus Villumsen. Mu nan in hunturu ya sauko da ma'auni zuwa digiri 10 sai rabin ɗakin kwana su ƙi wanka. Su kuwa sun yi tafiya cikin digiri 50 ƙasa da sifili, inda numfashin mutum kan daskare a gemunsa.

Sun isa Eismitte ran 30 ga Oktoba, bayan kwana 40, kusan hannu rabbana. Suka tarar Georgi da Sorge ba su tafi ko'ina ba. Sun haƙa ɗaki cikin ƙanƙara, sun yi lissafi sun ga in suka yi tsimi kananzirin zai kai su. Amma abincin ba zai ishi mutum biyar ba. Yatsun ƙafar Loewe sanyi ya riga ya kashe su, dole ya zauna, daga baya Georgi ya yanke su da wuƙar aljihu, ba allurar kashe zafi. Ran 1 ga Nuwamba, ranar da Wegener ya cika shekara 50, shi da Villumsen suka juya yamma da karnuka 17 da amalanke biyu.

Da yake ba rediyo, na yamma suka ɗauka ya zauna a Eismitte, na Eismitte suka ɗauka ya isa yamma. Wata shida kowa hankalinsa kwance. Sai a watan Mayun 1931, da ayari ya isa tashar tsakiya, kowane ɓangare ya tambayi ɗayan, aka gane. Da suka bi hanya suka tarar da katakan zamiyarsa guda biyu a kafe cikin dusa, wajen kilomita 189 daga tashar yamma, kusan rabin hanya. Suka tona suka same shi a kwance bisa fata, an ɗinke shi cikin mayafan barci, tufafinsa tsaf, fuskarsa a natse. Ba alamar yunwa ko sanyi ne suka kashe shi, abokansa suka ɗauka zuciyarsa ce ta tsaya don wahala. Villumsen ne ya yi masa wannan sutura, shi kaɗai cikin duhu da wannan sanyi, sa'an nan ya ci gaba da tafiya.

Shekara talatin da 'yan kai bayan haka gardama ta ƙare, kuma daga ƙarƙashin teku amsar ta fito. Aka zana taswirar ƙasan Atlantika aka ga wani dogon jerin duwatsu yana bin tsakiyarsa, da tsaga a ƙololuwarsa, inda narkakken dutse ke fitowa yana tura gefen biyu. Wegener ya taɓa hasashen haka a rubutunsa na 1912, sa'an nan ya bar maganar. Aisilan, inda ya gwada dawakinsa, a kan wannan tsaga take zaune, shi ya sa wutarta ba ta mutuwa. A watan Nuwamban 1963 masunta suka ga hayaƙi yana tashi daga teku kudu da tsibirin, sai ga sabon tsibiri ya ɓullo, aka sa masa suna Surtsey. A 2010 tokar wani dutsen nasu ta tsai da jiragen sama a Turai kusan mako guda. Mu ma muna da namu tabon, domin kwarin Binuwai tsaga ce da ta fara buɗewa lokacin da Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu, fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, sa'an nan ta tsaya.

Aikin da ya kai shi Girinlan kuwa, shi ne duniya ta fi bukata yanzu. Mutanensa ne suka fara auna kaurin ƙanƙarar ta hanyar fasa nakiya a sama suna sauraron amsa-kuwwarta daga dutsen ƙasa. Yau an san kaurin ya wuce kilomita 3 a tsakiya, kuma in duk ta narke teku zai ƙaru da wajen mita 7, abin da ya kamata mutumin Legas ya sani. Sorge, yana zaune cikin raminsa, ya haƙa zurfin mita 15 yana ƙirga dusar kowace shekara, hawa bisa hawa. Masu bincike na baya suka bi wannan hanya, a farkon shekarun 1990 suka huda ƙanƙarar har mita 3,000, suka karanta yanayin fiye da shekara 100,000. A ciki har da shatar hayaƙin dutsen Laki na Aisilan, wanda ya yi wata takwas yana aman wuta daga 1783, ya jawo yunwar da ta kashe wajen mutum ɗaya cikin biyar na tsibirin. Waɗannan awo ne suka nuna cewa ɗumamar yanzu, wadda ƙona fetur da kwal da gas ke jawowa, ta fi waccan ta Milanković sauri nesa ba kusa ba. Daga 2002 zuwa farkon shekarun 2020 Girinlan ta riƙa asarar ƙanƙara wajen tan biliyan 270 kowace shekara. Ƙanƙarar tekun arewa, irin wadda ta tsare jirginsa, tana ta raguwa tun da aka fara aunata daga tauraron ɗan'adam a 1979, ta kuma yi ƙarancin da ba a taɓa gani ba a watan Satumban 2012. A watan Agustan 2021 aka yi ruwan sama a ƙololuwar ƙanƙarar Girinlan, wurin da dusa kaɗai aka sani. Cibiyar binciken ƙasashen ƙanƙara da Jamus ta kafa a Bremerhaven a 1980, sunan Wegener aka sa mata.

Gwamnatin Jamus ta so a ɗauko gawarsa a kai gida, matarsa Else ta ce a bar shi inda yake. Abokansa suka mai da shi cikin ƙanƙara, wansa Kurt ya zo ya karɓi jagorancin ayarin, aka kafa gicciyen ƙarfe mai tsawon mita 6 a wurin. Dusar shekaru ta daɗe da rufe gicciyen, kuma ƙanƙarar tana tafe da shi a hankali zuwa tekun yamma. Rasmus Villumsen kuwa, an bi sawun zangonsa har wani wuri, daga nan sawun ya ɓace. Ba a taɓa ganin gawarsa ba, haka ma littafin da Wegener yake rubuta abubuwan da suka faru a tafiyar, wanda ake zaton saurayin ya ɗauka don ya kai wa mutanen tashar yamma.